Yadda Ake Lissafin Bulon da Dala Mai Hawa-hawa Ke Buƙata

Kafin a taɓa alƙalami, abin da ya kamata mai gini ya yanke shi ne nisan da kowane hawa zai ja baya daga gefen wanda ke ƙarƙashinsa, domin a nan ne yawancin masu lissafi ke ɓata, kuma bambancin da wannan zaɓi ke kawowa ya fi ninki uku. Za a ɗauka a nan cewa bulon tsawonsa da faɗinsa daidai suke, kuma gindin dalar mai gefe huɗu ne masu tsawo ɗaya.

Tsari na farko shi ne a riƙa rage bulo ɗaya daga tsawon gefe a kowane hawa, wato hawan sama ya ja baya da rabin bulo ta kowace fuska, kowane bulo ya zauna a kan mahaɗar huɗu na ƙasa. Idan hawa goma ake so, gindin zai zama 10 sau 10, bulo 100 ke nan, na bisansa 9 sau 9, wato 81, haka har a kai ga bulo ɗaya tak a ƙololuwa. Ana iya tara su ɗaya bayan ɗaya, amma akwai gajeriyar hanya: a ɗauki yawan hawa, a ninka shi da lambar da ke biye da shi, a sake ninkawa da ninkinsa biyu da ɗaya a kai, sannan a raba da 6. Ga hawa goma, 10 sau 11 sau 21 ya ba da 2,310, idan aka raba da 6 a sami 385.

Tsari na biyu, wanda ya fi kama da matakala ta gaske kuma shi ake bi a wasannin kwamfuta irin su Minecraft, shi ne hawan sama ya ja baya da cikakken bulo ta kowace fuska. Tunda an cire ɗaya ta dama da ɗaya ta hagu, gefen yana raguwa da biyu, saboda haka idan ana son ƙololuwa ta bulo ɗaya, dole gefunan su kasance 1, 3, 5, 7, a yi ta tafiya haka. Gindin dala mai hawa goma a wannan tsari 19 sau 19 ne. Ƙa'idarsa ita ce a ninka yawan hawa da ninkinsa biyu ban da ɗaya, da kuma ninkinsa biyu da ɗaya a kai, a raba da 3: 10 sau 19 sau 21 ya zama 3,990, kashi ɗaya cikin ukunsa kuwa 1,330. Tsayin bai canza ba, amma bulon ya tashi daga 385 zuwa 1,330.

Ba kowace dala ce ke ƙarewa da tsini ba. Dalar Fir'auna Djoser da ke Saqqara a Masar, wadda ake danganta tsarinta ga mai tsara gine-gine Imhotep, hawa shida gare ta kuma samanta shimfiɗe yake. A irin wannan hali sai a lissafa cikakkiyar dala, a debe ƙaramar da aka yanke daga sama. Misali, a tsari na farko, idan gindi 12 ne kuma za a tsaya a hawa mai gefe 5, cikakkiyar dala mai hawa 12 tana cin bulo 650, ƙaramar mai hawa 4 tana cin 30, abin da ya rage 620. Idan kuma kowane hawa ya ƙunshi sahun bulo fiye da ɗaya a tsaye, kamar yadda manyan daloli suke, sai a ninka jimillar da yawan sahun, muddin duk hawan tsayinsu ɗaya.

Akwai wata tambaya da ta fi waɗannan daɗin warwarewa, ita ce yawan bulon da ido zai gani, ga mai son sa kyakkyawan bulo a waje ya cike cikin da ƙasa ko tsakuwa. A tsari na biyu ba sai an wahala ba. Duk wanda ya leƙo dalar daga sama kai tsaye, zobe zai gani cikin zobe, kuma zoben nan gaba ɗaya sun rufe filin gindi ba tare da gibi ko hawa kan juna ba, don haka adadinsu daidai yake da na gindin: 19 sau 19, wato 361. Wanda ke shakka ya gwada, zoben ƙasa 72 ne, na bisansa 64, ana rage takwas-takwas har zuwa 8, sai ɗayan da ke ƙololuwa. Sai dai a lura cewa waɗannan zobba ba su zauna a kan juna ba, a ginin gaske ciko ne ke ɗauke da su, shi ya sa ba a barin cikin fayau.

Idan gindin ba daidai-wa-daida yake ba, ƙa'idojin nan ba su aiki, gara a ninka tsawo da faɗi na kowane hawa a rubuta a jere, sannan a tara. Bulon da tsawonsa ya ninka faɗinsa kuwa, biyu ne ke cike gurbi ɗaya mai faɗi daidai da tsawon bulon, sai a ninka amsar sau biyu. A kan duk abin da aka samu ya dace a ƙara 'yan kaɗan saboda waɗanda za su fashe wajen sauke kaya da sara. Mai tunanin ƙara tsayi daga baya ya fara duba lissafin, domin a tsari na farko hawa 20 bulo 2,870 yake ci, fiye da ninki bakwai na abin da hawa goma ya ci.