Ƙugi daga ƙafar mota ta baya: yadda za ka gane taya ce ko boris

Da zarar mota ta fara ƙugi daga baya, irin "wuuu" ɗin nan da ke ƙaruwa da gudu, abin da ake fara cewa shi ne boris, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da ƙafar ke juyawa a kansa, ya tafi. Sau da yawa hakan ne, amma taya mai cin gefe tana yin kuka iri ɗaya sak, kuma ba ƙaramin takaici ba ne a canza boris a hau titi a tarar ƙugin yana nan daram. Kafin ka sayi komai, yi waɗannan gwaje-gwajen, ba sa cin ko sisi.

Fara da titi. Nemi shimfiɗaɗɗiyar kwalta mara cunkoso, ka kashe rediyo, ka rufe gilasai, ka kai gudun kilomita 60 zuwa 80 a awa. Idan ƙugin ya fito, mayar da giya firi ka bar motar ta gangara. In ya ragu tare da ƙarar inji, to ba ƙafa ba ce, a duba inji ko salansa. In kuwa yana nan, sai dai yana sauka a hankali yadda gudun ke sauka, matsalar tana cikin abin da ke juyawa tare da taya.

Sai gwajin karkata. A wannan gudun, idan ba kowa kusa, ɗan murza sitiyari hagu kaɗan, sannan dama, kamar mai canza layi. In ka karkata hagu nauyin mota yana komawa ƙafafun dama. Saboda haka idan ƙugin ya ƙaru a lokacin, ya lafa da ka karkata dama, boris ɗin dama ake zargi. Wannan alama ce kawai, ba hukunci ba, domin boris mai layi biyu yakan yaudari kunne. Kukan taya shi bai cika damuwa da karkata ba. Abin da ke canza shi shi ne titi: ya yi tsanani a kan kwalta mai kaushi, ya yi sauƙi a kan sabuwa mai santsi. Boris ba ruwansa da irin kwalta. Yana da kyau wani ya zauna a kujerar baya ya saurara, don daga wurin direba ƙarar takan ruɗe.

Da ka tsaya, kai bayan hannunka kusa da tsakiyar kowace ƙafa ta baya, ba tare da ka taɓa ba. Wadda ta fi 'yar'uwarta zafi sosai, ko dai boris ɗinta ya bushe ko birki yana kamawa.

Yanzu taya. Shafa tafin hannu a kan zanenta, gaba da baya. Idan ka ji tudu da kwari, ko zanen ya yi kaifi ta gefe guda kamar haƙorin zarto, ga mai laifi nan. Irin wannan cin yana zuwa ne daga shokazoba da ta mutu tana barin taya tana tsalle a kan titi, ko daga ƙafar da ta goce daga saiti. Tayoyin Baljiyam su ma suna da nasu: da yawa an yi su ne don ƙanƙarar Turai, za ka ga hoton dutse da ƙwayar ƙanƙara a jikinsu, kuma sukan yi ƙugi a kwalta mai zafi. Don sanin lokacin da aka ƙera taya, duba lambobi huɗu na ƙarshen rubutun da ya fara da DOT a gefenta: 2319 na nufin mako na 23, shekarar 2019. Gwajin da ke raba gardama shi ne a kai tayoyin baya gaba, na gaba su dawo baya. In ƙugin ya bi su zuwa gaba, an gama magana.

In bai motsa ba, ɗaga motar. Ƙasa ta zama a baje, a sa waigi a tayoyin gaba, a tokare motar da abin tokara na ƙarfe, kada a dogara da jak kaɗai, sannan a saki birkin hannu. Kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. Wasa ko "ƙwas-ƙwas" yana nuna boris ya saki. Sai dai rashin wasa ba ya wanke shi, boris na zamani yakan yi kuka tun kafin ya fara rawa. Don haka ɗora hannu ɗaya a kan sifirin, ka juya tayar da ɗayan da ƙarfi. Lafiyayyen boris ba za ka ji komai ba. Wanda ya lalace za ka ji gurzarsa a tafinka kamar ana niƙa tsakuwa. Gwada ɗaya ɓangaren don ka kwatanta. Idan kuma tayar tana cijewa, ko tana "shii-shii" a wuri guda kowane zagaye, birki ne ke goga.

Motocin da ke ja da baya, irin Hilux da Hiace, suna da ƙarin wurin zargi: giyar da ke tsakiyar aksil. Kukanta yana canzawa idan ka taka totur ko ka ɗaga ƙafa. Kwance notin zuba man giyar ka sa yatsa, ya kamata man ya kai bakin ramin. In ya yi ƙasa, ko ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki, matsalar ta wuce ƙarin mai.

Gyaran ya danganta da mota. Corolla ta 2003 zuwa 2008 ana canza kan ƙafar ne gaba ɗaya, ƙusoshi huɗu ke riƙe da shi ta baya, kuma a tabbatar an sayi mai na'urar ABS (mai hana taya cijewa in an taka birki) idan motar tana da ita, in ba haka ba fitilar gargaɗin ABS za ta kama. Golf 3 kuwa boris biyu ne, ciki da waje, ana cika su da giris a ɗaure da noti. Nan ake yawan ɓarna: a ɗaure tam, boris ya ƙone cikin 'yan makonni. Daidai shi ne a ɗaure har wasa ya ɓace, amma wosha ɗin da ke ƙarƙashin notin ya iya ɗan zamewa in an tura shi da bakin sukudireba, sannan a sa sabon fin. Irin boris ɗin da ake dannawa da injin matsa, a danna ta zoben waje, kada a buga da guduma, don bugun yana lotsa hanyar ƙwallayen tun kafin motar ta bar gareji. Notocin taya na Corolla a ɗaure su a 103 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri), a bi su tsallake-tsallake, ba a jere ba.