Yadda Malami Zai Saba wa Ɗalibai da Kwamfuta Ko da Laftof Ɗaya Gare Shi

Tun 2015 JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir, komai ya koma kan kwamfuta. Amma har yau a Zariya akwai yaron da sai ranar jarrabawa hannunsa zai fara taɓa linzamin kwamfuta. Na taɓa ganin wata ɗalibata 'yar Kwarbai, gwanar lissafi, ta ɗaga linzamin sama tana kaɗa shi kamar rimot. Daga nan na fara shiga aji da laftof ɗina.

Malam, fara da maganar wuta. Kada ka jira NEPA. Cika cajinka da daddare, in babu wuta ka kai shagon masu caji. Ka kuma sanar da shugaban makaranta tukuna.

Sai ka sauke abin da za ka koyar tun daga gida. Manhajar Kiwix tana buɗe Wikipedia, har da ta Hausa, ba tare da intanet ba. Ka nemi manhajar tsofaffin tambayoyin JAMB wadda ba ta cin data.

Rabon lokaci shi ne babban aikin. Raba ajin biyar-biyar, kowane rukuni minti goma, ka rubuta sunaye a allo. In ba haka ba, yara maza biyu masu rawar kai za su mamaye na'urar, 'yan mata su koma 'yan kallo. Wanda ya iya ya tsaya gefe ya yi bayani da baki, hannunsa a baya. Kai ma haka. Da wuya, don hannu yana ƙaiƙayi in ka ga yaro na lalube, amma a laluben ne yake koyo.

Makon farko kunnawa, kashewa da rubuta suna sun isa. Bayan nan ka nuna musu madannan da JAMB ke amfani da su: A, B, C, D don zaɓar amsa, N don wucewa gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 kowace tambaya, don haka ka riƙa sa musu agogo.

Da hunturu, ƙurar Zariya da garin alli suna toshe fankar laftof. Ajiye shi nesa da allo, in an tashi ka lulluɓe shi da kyalle kafin ya shiga jaka.