Darasi na 9: Idan 'Yan Mata Sun Zo Kwana Gidanki

Hutun makaranta na watan Disamba ya zo. 'Yar yayarki ta taho daga Bukuru, ta ƙaninki ta taho daga Rikkos, ga 'yarki da ƙawayenta na Islamiyya. Kafin ki ankara 'yan mata shida sun cika ɗaki, babbarsu shekara 14, ƙaramarsu 10, kuma kowacce ta ce a nan za ta kwana.

Masu waɗannan shekarun sun wuce goyo, amma ba su kai a sakar musu ragama ba. Idan ba ki ba su abin yi ba, waya za ta ba su. Wannan darasin zai nuna miki yadda za ki tsara daren, ba tare da kin kashe wani kuɗin kirki ba.

Tun da rana

Kada yarinya ta kwana a gidanki sai kin ji daga bakin uwarta. "Mama ta ce in kwana" bai isa ba. Ki kira, ko ki aika da takarda. Ga misali, ki karanta da ƙarfi:

"Salamu alaikum, Yaya. Yarinya tana wurina, za ta kwana. A aiko mata da rigar sanyi da bargo. Gobe da hantsi zan sa a rako ta."

Ki rubuta lambar wayar kowace uwa a takarda ɗaya, ki liƙa a bango. Ki tambaya ko akwai mai asma, ko mai sikila, ko wadda wani abinci ba ya karɓarta. Garin Jos yana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, shi ya sa sanyinmu na Disamba da Janairu ya fi na Kano da Abuja cizo. Sanyi yana tayar da ciwon sikila. Mai shi ta kwana nesa da taga, da safa a ƙafa, kuma ta sha ruwa sosai.

Yara maza na gidan su koma wani ɗaki. Hadisi ya ce a raba wa yara makwanci idan sun kai shekara 10. Kowace yarinya ma ta samu nata bargon.

Kafin Magariba: a gajiyar da su

Wasan tsalle da hayaniya a yi shi da sauran rana, a tsakar gida. Gaɗa, tsallen igiya, 'yar gala-gala, duk ba sai kin koya musu ba. Ki zana layukan da gawayi a siminti, ki koma gefe. Wadda ta yi tsalle da yamma ba ta wahalar barci.

Carafke kuwa, yawancinsu sun manta da shi, ke za ki tuna musu. Dutse dai ba ma rasa shi a Jos. A tsinto ƙananan tsakuwoyi, a ware ɗaya. Mai wasa ta cilla ta sama, ta kwashi na ƙasa, ta cafe ta saman kafin ta faɗi. Ana farawa da ɗaya-ɗaya, sai biyu-biyu, sai uku-uku. Wadda ta zubar ta ba ta gaba. Kowace unguwa da irin dokarta, to ku daidaita a kan ɗaya tun farko, don a nan rigima ke tashi.

Abincin dare ma wasa ne a wurinsu. Ki sayo dankalin turawa a Farin Gada, ki zube musu da wuƙaƙe biyu, manyan su feraye, ƙananan su wanke. Suya kam taki ce. Ba a haɗa yara shida da mai mai zafi.

Bayan Isha

Yanzu ki kawo kwano, kowacce ta sa wayarta a ciki, idan tana da ita. Za su ɓata rai. Ki sa taki ita ma, sai bakinsu ya mutu.

Akwai wasan da na fi so a wannan lokaci, don ke ma za ki ƙaru da shi. Kowacce ta ɗauki takarda da biro, ta raba takardar gida huɗu: suna, gari, dabba, abinci. Ɗaya ta faɗi harafi. Idan ta ce "Z", sai a rubuta Zainab, Zariya, zomo, zogale. Idan ta ce "B", sai Binta, Bauchi, biri, burodi. Wadda ta fara gamawa ta ce "A tsaya!" Duk amsar da ba wadda ta rubuta irinta, maki 10 ce. Idan mutum biyu sun rubuta abu ɗaya, kowacce 5.

Ki zauna a yi da ke. Kada kunya ta hana ki don hannunki bai yi sauri ba tukuna. Su 'yan boko ne, amma ki jira a zo kan haruffa masu lanƙwasa. Da yawansu ba sa bambanta "k" da "ƙ", za su rubuta kosai maimakon ƙosai, kadangare maimakon ƙadangare. Ke an koya miki a wannan ajin. Nan za ki rama.

Idan hannu ya gaji, a koma kacici-kacici. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Tsintsiya ke nan. "Baba na ɗaka, gemu na waje." Wuta da hayaƙi. "Tsumangiyar kan hanya, fyaɗe yaro fyaɗe babba." Yunwa. Wadda ta kasa sai ta ba da gari kafin a faɗa mata amsa. A da ana ba da Kano ko Katsina, yaran yanzu Dubai suke bayarwa, kuma idan aka ba su Mangu sai su ce ba su karɓa ba.

Lalle da kitso suna cin lokaci, kuma suna sa a zauna wuri ɗaya. Jan lalle na ganye ba shi da matsala. Baƙin da ake sayarwa a 'yar kwalba ko a leda shi ne abin lura, domin wani ana haɗa shi da sinadarin rinin gashi, yana ƙona fatar wasu har ta tashi. A hannun yaran mutane, ni ja kawai nake yarda da shi. Kuma kowacce ta zo da nata matajin, saboda ƙwarƙwata da makero.

Tatsuniya ita ce ta ƙarshe, bayan kowa ta shiga bargo. Ki rage fitila, ki ce "Ga ta nan, ga ta nanku." Ko mai shekara 14 da ke ganin ta girma za ki ji ta amsa "Ta zo mu ji ta." Ki ba su ta Gizo da Ƙoƙi. Ta Dodo ki bar ta sai da rana, in ba haka ba ke za ki yi ta rakiya banɗaki har asuba. Ƙarfe 10 a yi addu'ar barci, a kashe fitila.

Gawayi

Wannan sashen ki karanta shi sau biyu. Wata shekara sanyi ya yi tsanani, yara biyar suna kwana a ɗakina a Anguwar Rogo. Tausayi ya sa na shigar musu da kaskon gawayi, na ja ƙofa, taga ma na toshe ta da tsumma. Ba a daɗe ba ƙaramarsu ta fito tana layi, ta ce, "Gwaggo, kaina kamar zai fashe." Na shiga na tarar biyu suna amai, ɗaya kuma da ƙyar na tashe ta. Allah ne ya tsare.

Gawayi mai ci yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi. Ko ya yi ja ya daina hayaƙi, tana nan tana fita. Mai barci ba ya jin ta. Alamunta ciwon kai, jiri, amai da kasala. Idan kin ga haka, ki buɗe ƙofa da taga, ki fitar da kowa waje, a tafi asibiti. Hayaƙin janareta ma wannan gubar ce, don haka a ajiye shi a fili, nesa da taga. Maganin sanyi bargo ne da safa da kunun gyaɗa mai zafi.

Cikin dare

Ki kwana kusa, ki bar ƙofarki a buɗe kaɗan. A waɗannan shekarun wata takan fara al'ada, kuma yana iya zuwa a gidan mutane. Ki ajiye audugar mata da zane mai tsabta inda hannunki zai kai. Idan ta zo ta raɗa miki, "Inna, na ga jini," ki ce, "Ba komai, 'yata, girma ne ya zo." Ki nuna mata yadda ake sawa, da safe ki gaya wa uwarta ita kaɗai. Haka wadda ta yi fitsarin kwance: ki ɗauke shimfiɗar kafin sauran su farka.

Aikin gida

1. Yara 6 ne, kowacce za ta ci dankali 4. Dankali nawa za ki saya?
2. A wasan haruffa kin samu 10, 5, 10, 5. Nawa ne makinki?
3. Ki rubuta wa ƙanwarki takarda mai layi uku, ki sanar da ita 'yarta za ta kwana a wurinki.
4. Ki rubuta kalmomi uku masu farawa da "ɗ", da uku masu farawa da "ɓ".
5. Ki tambayi wata tsohuwa a unguwarku kacici-kacici ɗaya da ba ya cikin wannan darasin. Ki rubuta shi, amsar kuma ki riƙe ta a ranki sai kin zo aji.