Shadda a ƙarƙashin jaket: maganar sutura ga sababbin zuwa Ingila

Na sauka a Mancesta cikin watan Satumba da akwati biyu, kowane kilo 23. In ka cire kilishi da yajin da Hajiya ta cusa min a gefe, sauran duk shadda ce da yadi, kala goma sha biyu, da huluna takwas. Kayan sanyi kuwa suwaita ɗaya tal na riƙo, wadda na tsinta a gwanjon Ƙofar Wambai. A lissafina, wanda ya sha hunturun Kano ai ya ga sanyi.

Kwana na huɗu na gane kurena. Ina tsaye a tashar bas cikin farar shadda mai sitati, sai ga yayyafin nan nasu da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Kafin bas ta iso sitatin ya saki, riga ta manne min a jiki, iska tana shiga ta ƙasan wando tana fita ta wuya. Babu wanda ya kalle ni, don mutanen nan ba su cika kallon mutum ba, amma ni ji nake kamar duk garin ni ake nunawa. Washegari na faɗa wani babban kanti na kwaso irin abin da na ga yaran jami'a suna sawa: matsattsen wando, riga mai hula da rubutu ɓaro-ɓaro a ƙirji, da farin kambas. Na tsaya gaban madubi, magidanci mai 'ya'ya biyu, na ga wani yaro da ban sani ba. An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya ka nemi taka ka ɗaura, amma ba a ce ka ɗauro wadda ta fi ƙarfinka ba. Wata guda na yi ina tafiya a takure, ina jan riga ƙasa, ko tambaya a aji ba na iya ɗaga hannu in yi.

Don haka ɗan'uwa, fara da ɗumi, ado ya biyo baya. Mutumin da ke rawar ɗari ba ya iya kallon kowa cikin ido. Dabarar kuma ba rigar sanyi ɗaya mai kauri kamar katifa ba ce, hawa-hawa ake yi. A jikin fata ka sa 'yar ciki mai riƙe ɗumi da dogon wandonta, irin Heattech na kantin Uniqlo ko makamantansa da ake samu a Marks & Spencer da Primark. A kai ka ɗora rigarka ko suwaita, sannan jaket a waje. Dalili shi ne cikin bas da laburare da ofis akwai na'urar ɗumama ɗaki, wani lokaci har gumi za ka yi, sai ka cire na sama ka rataye. Wannan 'yar cikin ita ce ta dawo min da kaftanina, don tana ɓoyewa tsaf a ƙarƙashinsa, ba mai sanin tana nan.

Abu biyu ne ban yarda a yi musu ƙwauro ba: jaket da takalmi. Jaket ya zama wanda ruwa ba ya ratsawa, mai hula, kuma in kana son sa jamfa ko kaftani, nemi wanda ya sauko kusa da gwiwa. Gajeren jaket a kan doguwar riga yana sa mutum ya zama kamar an haɗa shi daga gida biyu. Laima kada ka dogara da ita, iskar nan takan juye ta cikin minti ɗaya. Takalmi kuma sau-ciki mai kaurin ƙasa, wanda za ka iya cirewa da sauri a ƙofar masallaci. Lambobinsu daban ne da namu: mai sa 42 a gida, a nan 8 zai nema. In kuɗi sun yi ƙaranci, shagunan sadaka irin su Oxfam da British Heart Foundation suna sayar da kayan da aka sa aka bayar, kuma a nan ba abin kunya ba ne, farfesoshi ma suna shiga. Shagunan da ke unguwannin masu hali sun fi kaya masu kyau. Kwat ɗin ulun da na fi ji da shi a can na samo, kuma ya yi min hunturu biyar. Akwai manhajar Vinted ta kayan gwanjo, akwai kuma ragin farashin da ake yi ranar 26 ga Disamba, ga wanda zai iya haƙuri har lokacin.

In ka gama da ɗumi, sai maganar kamanninka. Ni ta hula na gano nawa. Wata Juma'a na makara, na fito daga masallaci na wuce aji kai tsaye da kaftani ruwan toka, kwat ɗin ulu a sama, da zanna bukar a ka. Ina ɗari-ɗari na shiga. Wata dattijuwar malama ta tsayar da ni a baranda tana tambaya ko da hannu aka yi aikin hular. Na ce da allura da zare, kuma takan ci makonni. Ranar na yi magana a aji fiye da duk watan da ya wuce. Tun daga nan na tsayar da tsarina: ranakun aiki wandon yadi mai duhu da riga mai kwala da suwaita, Juma'a kaftani da hula, launuka kuma ba sa wuce shuɗi mai duhu, ruwan toka da ruwan ƙasa, don kowanne ya hau da ɗan'uwansa ba sai na tsaya tunani da asuba ba. Wani abokina ɗan Damagaram nasa daban ne, jins yake sawa kullum, amma da 'yar shara ta saƙi a kan suwaita, kuma ta karɓe shi. Wani kuma ya ajiye kayan gida gaba ɗaya sai ranar Salla, ban ga laifinsa ba. Gwajin da nake ba mutane shi ne: in ka sa kaya ka fita, ka kai awa guda ba ka tuna da su ba, naka ne. In kana ta gyara wuya kana jan hannu, mayar da su. Yawancin manyan kantuna suna karɓar kaya cikin kusan wata guda in ba ka cire takardar jiki ba kuma kana da rasit.

'Yan'uwa mata, abin da zan faɗa daga bakin maiɗakina na ji shi. Doguwar abaya mai jan ƙasa tana shan ruwan titi, kafin a kai gida gindinta ya yi baƙi, don haka ta rage wa nata tsawo zuwa idon sawu, tana sa takalmin but da wando mai ɗumi a ciki. Gyale mai santsi iska ke wasa da shi, mayafi mai ɗan nauyi da ake kamawa da fil ya fi zama. Atamfofinta kuwa ba ta bar su a akwati ba: ta sa tela ya mayar da wasu dogayen siket da riguna masu buɗaɗɗen gaba, tana ɗora su a kan baƙar riga mai dogon hannu. A Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu kuma kowa a titi yana cikin baƙi, atamfar nan ita kaɗai ke da rai a cikin bas. Mayafai da abaya ana samunsu a titin Wilmslow a Mancesta, da Alum Rock a Birmingham, da Whitechapel da Green Street a Landan. Game da wurin aiki, dokar daidaito ta 2010 ta hana a nuna wa mutum bambanci saboda addininsa, hijabi kuma ana ganinsa a banki da asibiti da makaranta. Sai dai masu aikin jinya da kula da tsofaffi su sani, akwai ƙa'idar barin hannu a buɗe daga gwiwar hannu zuwa ƙasa saboda tsafta. A tambayi shugabar sashe tun ranar farko abin da aka tanada, kada a bari sai an yi saɓani.

Abin da ba wanda ya gaya min shi ne wahalar kula da shadda. Babu masu bugu a nan, babu mai wanki da guga na bakin layi, kuma kuɗin wankin shago zai sa ka yi salati. Injin busar da kaya yana kashe mata ƙyalli. Da hannu nake wanke tawa a ruwa mai sanyi, in shanya a banɗaki, in goge da ɗan danshinta. Wani abin dariya, gezna ɗin da muke taƙama da ita a Ostiriya, nan Turai, ake saƙa ta, atamfar Holan kuma sunanta ya faɗi ƙasarsu, amma ka zo kusa da masaƙar ka rasa mai buga maka. Ɗinki ma haka, tsada gare shi. Kafin ka taso ka bar awonka wurin telanka, ka ce ya ƙara ɗan sakewa a ƙirji da hannu saboda abin da za ka sa a ciki.

Da zan sake haɗa akwatin nan, kala huɗu zan ɗauko: shadda biyu ta Salla da ɗaurin aure, yadi mai nauyi biyu na Juma'a. Babbar riga ɗaya ta isa, ranar Idi za ka so ta, musamman in ka je filin Small Heath a Birmingham inda dubban mutane ke haɗuwa kowa da kayan ƙasarsu. Huluna dai ka zo da su duka, ba su da nauyi, kuma kullum akwai wanda zai roƙe ka ɗaya. Sauran wurin ka cika shi da man shafawa mai kauri, don sanyin nan yana sa fata ta yi furu-furu, sai kuma daddawa da kuka.