Yadda Ake Tattara Tarihin Mai Wurno

In kana son rubuta tarihin garinmu Mai Wurno da ke ƙasar Sudan, fara zagaya shi da ƙafa. Bi bakin Kogin Nilu, kudu da Sinnar, ka ga inda gonaki suka tsaya da inda maƙabarta take. Bayan la'asar zauna ƙofar masallaci, ka gaida dattawa, ka ce, "Baba, kakanninku daga ina suka taso?" Za su kai ka har Burmi, 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello ya ja jama'a gabas har zuwa nan. Kada ka katse su. Na taɓa yi, tsohon ya naɗe buzunsa ya tashi. Zancen auratayya kuwa sai tsofaffin mata, wajen shan jabana, wato gahawa.