Yadda zaka haɗa kayan kiɗa da batir a fili ba tare da janareta ba

Masu DJ da masu haya na sifika, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san janareta ya zama ƙarfen ƙafa, ga tsadar fetur ga ƙara ga hayaƙi, ana tsaka da kamu ko walima injin ya ɗauke mutane su yi cirko-cirko. Batir da inbata suna iya riƙe maka taro lafiya lau, amma sai ka yi lissafi kafin ka fita daga gida.

Abu na farko kar ka ruɗu da lambar da aka buga a jikin sifika. In ka ga wat 1000 ba wai haka take sha kullum ba, wannan ƙarshen abinda zata iya ne na ɗan lokaci, kiɗa kuma hawa da sauka yake. Samu ƴar mitar nan da ake sokawa a soket, ka jona kayanka duka, ka ƙure sauti daidai yadda kake yi a fili, ka ga nawa suke ci. A ce sifika biyu masu amfilifaya a ciki, da miksa, da laftof da maik mara waya sun tashi wat 300. Taron awa 4 kenan wat 300 sau 4, wato wat-awa 1200, ka ƙara kamar kashi 15 cikin ɗari na abinda inbata ke cinyewa, ka doshi 1400.

To yanzu batir. Bolt (V) sau Ah, lambobin nan biyu da ke rubuce a jikinsa, shi ne wat-awan da ke cikinsa, wato tubula (babban batirin inbata mai ruwa) mai 12V 200Ah yana da 2400, sai dai rabi kawai ya kamata ka taɓa, in kana tatse shi har ƙasa ba zai daɗe ba zai mutu. Kaga guda ɗaya bai kai ba kenan, kuma nauyinsa ya kai kilo 60, ɗora shi a adaidaita ma aiki ne. Batirin litiyom mai 12V 100Ah kuwa yaro ma zai ɗauka, kuma zaka iya cin kashi 80 zuwa 90 nasa, tsada ce kawai matsalar. Ni dai in da hali litiyom biyu nake ba da shawara. Batirin mota kuma a bar shi a mota don Allah, an yi shi ne don tada inji, ba don a yi ta jansa awa da awanni ba.

Inbata ka duba wadda aka rubuta pure sine wave a jikinta, masu arha ɗin nan su ne ke sa sifika tana wani zuuu a ƙasan waƙa, da an yi shiru amarya zata yi magana kowa sai ya ji, wani lokacin har cajar laftof ta ɗau zafi. Ka ɗauki mai 1.5kVA ko sama saboda dukan bes, in ta yi ƙanƙanta ganga na bugawa zata yi ƙara ta ɗauke.

Wayar da ke tsakanin batir da inbata ta zama mai kauri kuma gajera, don wat 300 a 12V ya kai amfiya 25 zuwa 30, siririyar waya zafi zata yi har roba ta narke. Sa fiyus kusa da kan batir na ja, ka ɗaure kusoshi tamau, kar ka yarda da ƴan maƙale-maƙale. Ajiye su a inuwa inda iska ke shiga, nesa da yara da masu rabon ruwa da lemo.

Wajen kunnawa inbata farko, sai miksa, sifika a ƙarshe, in an tashi kuma ka fara kashe sifika. Kana komawa gida ka sa tubula a caji a daren, barinsa kwana da kwanaki babu caji shi ke kashe shi da wuri.