Kurakuran da matasa ke yi wajen gina suna a harkar bashi

Da yawanmu ba mu san cewa a Najeriya akwai kamfanonin da ba su da wani aiki sai tattara labarin wanda ya ci bashi ba, nawa ya ci, ya biya a kan lokaci ko ya yi shiru. Guda uku ne Babban Banki ya ba lasisi, CRC Credit Bureau da FirstCentral da CreditRegistry, kuma tun 2017 akwai doka da ke tsara aikinsu. Ranar da ka je banki neman jari su za a tambaya, ba mai unguwarku ba, ba limamin masallacinku ba, duk da sun fi kowa sanin halinka.

Toh kuskuren farko ma daga nan yake farawa. Matashi zai ce ni ban taɓa cin bashin kowa ba, sunana fes yake. Eh a wajen mutane fes yake, amma a wajen banki fayil ɗinka babu komai a ciki, kuma wanda ba a san shi ba wuya ake ba shi kuɗi mai kauri. Adashin da kake zubawa shekara da shekaru ba fashi, da kayan da dila ke ba ka a Kantin Kwari ka sayar ka kawo kuɗi, duk amana ce babba amma ba ta shiga rajistar nan. Gyaran shi ne ka buɗe asusu da sunanka da BVN ɗinka, kuɗin sana'arka su riƙa bi ta ciki, in buƙata ta gaske ta taso ka karɓi ɗan abu kaɗan wanda ka tabbata ko kasuwa ta tsaya za ka iya biya, ka biya kafin ranar ta cika. Kuma ka tambayi masu ba ka rancen tun farko ko suna kai rahoto wajen kamfanonin nan, don ba kowane mai ba da rance ke kaiwa ba.

Na san wani zai ce ai riba haramun ce, kuma gaskiyarsa. Ba sai ka ci riba ba. Akwai bankunan da ba sa hulɗa da riba, Jaiz na aiki tun 2012, ga TAJBank ga Lotus, suna yin murabaha, wato su sayi kayan, keken ɗinki ne ko babur ko firiza, su sayar maka da ƙarin da kuka yi yarjejeniya a kai ka riƙa biya wata-wata. Wannan biyan ma tarihi ne.

Inda zuciyata ta fi zafi shi ne manhajojin rancen nan na waya. Yaro zai karɓi dubu goma da daddare don alat ya shigo cikin minti biyar, sati biyu su cika ba shi da kuɗin, sai ya sauke wata manhajar ya ciyo ya biya ta farko, kafin wata biyu yana da guda biyar a wuya kowacce da tarar jinkiri, ana ta kiran mutanen da ke wayarsa har da surukai. Daga nan sai ya goge manhajar ya karya sim ya ce shi ke nan. Wallahi ba shi ke nan ba ne. Bashin a jikin BVN yake ba a jikin sim ba, BVN kuwa yatsunka ne da fuskarka, ba a canzawa. In ka riga ka faɗa, daina ciyo sabo yau ɗin nan, rubuta duk abin da ake binka a takarda, fara da mai tara mafi tsada, ka kira su ku daidaita yadda za ka riƙa biya. Nan gaba kuma kafin ka taɓa kowace manhaja duba ko tana cikin jerin waɗanda hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta amince da su.

Sai masu cewa kuɗin gwamnati ne rabonmu ne. Mutane da yawa haka suka ɗauki rancen korona na bankin NIRSAL a 2020, daga baya suka wayi gari ana cire musu kuɗi a asusun wani bankin daban. Tsarin GSI ke nan da Babban Banki ya fara a watan Agustan 2020, in ka sa hannu ka ƙi biya ana iya bin duk asusun da ke ɗauke da BVN ɗinka. Ɗalibai masu karɓar rancen karatu na NELFUND ku riƙe wannan, babu ruwa a kai amma rance ne, biya na farawa shekara biyu bayan bautar ƙasa.

Kar ka ba kowa BVN ɗinka ko lambar da aka turo maka ta waya wai zai cike maka tallafi, ko abokinka ne na ƙut da ƙut. Haka tsaya wa mutum garanto, in ya gudu kai za a kama, don haka kar ka sa hannu a kan kuɗin da ba za ka iya biya da aljihunka ba.

Wani kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne rashin duba rahoton kansa. Doka ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara, a CRC ma har maki suke bayarwa daga 300 zuwa 850. Sau da yawa mutum ya gama biya amma ba a sabunta ba, ko wani ya ci bashi da sunansa bai sani ba, sai ranar da ya je neman jari a ce masa akwai matsala. Duk bashin da ka kammala ka nemi takardar shaidar cewa ba a binka komai, ka ɗauki hotonta, ka ajiye rasit da alat ɗin biya. In ka ga kuskure a rahoton ka rubuta wa wanda ya ba ka rancen da kamfanin da ya fitar da rahoton, ka haɗa da takardun nan, kuma ka sake dubawa bayan 'yan makonni ka tabbatar an gyara.